Ba Nasiha Matashi Mai Ciwon Damuwa Ya Rasa Ba

Tsakanin 2010 da 2013, asibitocin gwamnati 15 a Ingila sun tara matasa 465, 'yan shekara 11 zuwa 17, dukkansu masu fama da ciwon damuwa mai nauyi, aka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a. 'Yan gida na farko an haɗa su da masana hanyar CBT, wadda ke koya wa mutum ya cafke mugun tunani ya tuhume shi, ya kuma sauya yadda yake tafiyar da yininsa. 'Yan gida na biyu an miƙa su ga masu bin tafarkin da ya samo asali daga Sigmund Freud, inda matashi ke sakin baki ya faɗi duk abin da ya zo masa, masani yana saurare yana laluben tushen abin. Abin da aka tanadar wa 'yan gida na uku kuwa ba shi da wani ado: ma'aikacin lafiya ya zauna da yaro, ya bayyana masa ciwon, ya ji abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, ya taimaka masa ya gyara barci, ya koma makaranta da cikin abokai.

Masu binciken, ƙarƙashin Farfesa Ian Goodyer na Jami'ar Kambirij, sun sa ran hanyoyi biyun farko za su bar ta ukun a baya. Da sakamako ya fito a 2017, bayan an bi yaran har mako 86, sai ga shi babu wadda ta fi wata. A kowane gida alamun ciwon sun ragu da kusan rabi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaure kai. An tsara wa 'yan gida na farko zama har 20, na biyu 28, na uku 12. Amma yaron da ke tsaka-tsaki ya halarci 9 ne a na farko, 11 a na biyu, 6 a na uku. Wato masana sun shafe shekaru suna jayayya kan wace hanya ce ta fi, alhali yaran ba su ma tsaya sun karɓi fiye da rabin abin da aka shirya musu ba. Tilas a yi adalci a ce binciken ba shi da rukunin da aka bari babu magani, wasu yaran kuma suna shan ƙwaya a gefe, saboda haka lokaci da ƙwayar suna da nasu rabon a cikin sauƙin da aka samu. Duk da haka, tambayar da ya bari tana nan daram: idan sunan hanya ba shi ne sirrin ba, to mene ne ke sa jinya ta hanyar tattaunawa ta yi aiki?

Amsar da hujjoji suka fi mara wa baya ita ce wannan. Tattaunawa tana warkarwa ne idan matashin ya tashi daga matsayin wanda aka kawo ya zama mai aikin da kansa: an yarda da shi a kan abin da ke damunsa, ya amince asirinsa a rufe yake, yana gwada wani abu a rayuwarsa tsakanin zama da zama, gidansu kuma bai rushe abin da aka gina ba. Duk inda ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, komai digirin masani, magana ce kawai ake yi.

Kafin a shiga nan, ya kamata a san da wane ciwo ake kokawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa kuma yana sahun gaba a cikinsu. A jikin matashi ba lallai ya zo da kuka ba. Sau da yawa da fushi yake zuwa, da saurin hasala, da barcin da ya ƙi zuwa ko ya ƙi ƙarewa, da mutuwar jiki, da faɗuwa a jarrabawa. Yaron da ba ya rabo da filin ƙwallo sai ya lafe a ɗaki; yarinyar da ke cika gida da hira sai ta koma ba um ba um-um. Idan hakan ya ɗauki mako biyu ko fiye, kullum, har yana hana karatu da hulɗa, likitoci ba sa kiran shi halin ƙuruciya. Iyaye kuwa suna da nasu sunayen: lalaci, miskilanci, sangarta, taurin kai, wani lokacin sammu ko shafar aljanu. Daga nan sai tambayar da ke rufe bakin yaro ruf: "Me ka rasa a gidan nan, ci ko sha?"

Sai kuma gaskiya mai ɗaci game da ita kanta jinyar. A 2004 aka fitar da sakamakon babban gwajin TADS a Amurka, wanda ya ƙunshi matasa 439 'yan shekara 12 zuwa 17. Bayan mako 12, kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa ƙwayar fluoxetine da CBT sun samu sauƙi sosai, na ƙwaya kaɗai kashi 61, na CBT kaɗai kashi 43, waɗanda aka ba ƙwayar da babu sinadarin magani a cikinta kuma kashi 35. Tazarar da ke tsakanin 43 da 35 ta kunyata masu CBT. Zuwa mako na 36 tattaunawa ta kamo ƙwaya, kowacce da kashi 81, haɗin biyun kuma da 86. Daga baya masanin ƙasar Holan, Pim Cuijpers, da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje da dama suka gano cewa bayan kusan wata biyu, kashi 39 na yara da matasan da aka yi wa jinyar tattaunawa ne alamun ciwonsu suka ragu da rabi, idan aka kwatanta da kashi 24 na waɗanda ba a yi wa ba. Tana aiki, amma fiye da rabi ba sa samun abin da ake so a wannan ɗan lokacin. Wanda duk ya sayar da ita a matsayin sha-yanzu-magani-yanzu ya yaudari iyaye.

Wannan gibin ne ya sa ya zama dole a san abin da ke raba zaman da ya yi amfani da wanda ya tashi a tutar babu.

Abu na farko yana faruwa tun kafin a buɗe baki. Babba mai ciwon damuwa da ƙafarsa yake zuwa wajen likita. Matashi kuwa kawo shi ake yi: uwa ta gaji, uba ya fusata, ko makaranta ta yi barazanar kora. Abin da ya dami wanda ya kawo shi kuma ba lallai ne shi ya dami yaron ba. A 2001, May Yeh da John Weisz sun tambayi iyaye da 'ya'yansu 381 da suka je asibitocin ƙwaƙwalwa a Amurka, kowa shi kaɗai, wace matsala ce ta kawo su. Kashi 63 na iyaye da 'ya'yan ba su haɗu a kan ko da matsala guda ba. Shekara biyu bayan haka aka shigo da masanin da zai yi jinyar cikin lissafi, sai aka ga a fiye da kashi uku cikin huɗu na iyalan an fara aiki ba tare da yaro da iyaye da masani sun yi ittifaƙi a kan matsala ɗaya tak ba.

A yi tunanin yadda zaman yake kasancewa. Uwa ta ce, "Likita, yarinyar nan ta daina jin magana, aikin gida ma sai an yi da gaske." Ita yarinyar abin da ke cinta shi ne ƙawayenta sun juya mata baya tun da aka yaɗa wani hotonta a WhatsApp. Idan masani ya ɗauki ƙorafin uwa ya mai da shi manufar jinya, ya zama tela mai ɗinka riga bai gwada mai ita ba: ɗinkin zai iya yin kyau, amma a akwati za ta ƙare.

Yadda yara ke nuna rashin yardarsu shi ne su ɓace. A gwajin Ingila ɗin nan, kashi 37 cikin 100 sun daina zuwa ba tare da masani ya sallame su ba. Sally O'Keeffe da abokan aikinta a Landan sun bi sawun wasu daga cikinsu suka ji ta bakinsu, sai suka iske su iri uku ne. Akwai waɗanda suka ce sun samu abin da suke nema, ba su ga dalilin ci gaba ba. Akwai waɗanda rayuwarsu ta rikice har ba su da natsuwar zuwa ko'ina duk mako. Sai waɗanda jinyar ba ta gamshe su ba: shirun masani ya takura su, ko takardun aikin gida sun gundure su, ko sun ji ba a fahimce su ba. Sau da yawa masanan da suka zauna da waɗannan na ƙarshe ba su ma san yaran suna da ƙorafi ba.

Idan haka ta faru a ƙasar da ake renon yara su faɗi ra'ayinsu a gaban kowa, ina ga inda kunya ke cikin ma'aunin tarbiyya? Yaron Bahaushe mai ladabi ba ya musu da babba. Zai gaishe da likita a durƙushe, ya sunkuyar da kai, duk abin da aka ce ya amsa da "to," a tashi ya yi godiya. Masanin da ya ɗauki wannan a matsayin amincewa ya yi babban kuskure, domin ladabi aka yi masa. Aikinsa ne ya buɗe ƙofar musu da hannunsa, ya sallami iyaye na ɗan lokaci, ya ce, "Na ji abin da Umma ta faɗa. Ke a wajenki, mene ne ya fi damunki?" A ƙarshen kowane zama kuma ya tambaya, "A cikin abin da muka yi yau, wanne ne kike ganin ɓata lokaci ne?" Yarinyar da ta samu ƙarfin halin cewa "wancan" ta fara shiga aikin ke nan.

Abu na biyu shi ne rufin asiri. Matashi ba zai buɗe cikinsa ga wanda yake zaton zai kai rahoto gida ba. A 1997 Carol Ford ta sa ɗalibai 562 a Kalifoniya suka saurari faifan ganawar likita da matashi. A wasu faifan likitan ya yi alkawarin riƙe sirri, a wasu bai ambata ba. Waɗanda suka ce za su yarda su koma wajen likitan sun tashi daga kashi 53 zuwa 67 saboda wannan alkawarin kawai. Alkawarin yana da iyaka, kuma dole a faɗe ta tun ranar farko a gaban yaro da iyayensa: abin da aka tattauna a ɗakin nan ya tsaya, sai fa idan rai na cikin haɗari ko ana cutar da yaron.

Maganar rai kuwa ba a kewaye-kewaye da ita. Mutane da yawa suna tsoron cewa tambayar matashi ko yana tunanin kashe kansa za ta dasa masa tunanin. Madelyn Gould ta gwada wannan a 2005 da ɗalibai 2,342 a jihar New York, ta ga tambayar ba ta ƙara wa kowa damuwa ko wannan tunanin ba. Shirun ne ke barin yaro shi kaɗai da abin da ke cikinsa.

To amma a nan ne masu cewa "ai saurare da tausayi su ne komai" suke zarce gona da iri. Da Marc Karver ya tattara bincike 28 a 2018, ya tabbatar da cewa kyakkyawar alaƙa tsakanin matashi da masani tana tafiya tare da samun sauƙi, sai dai abin da take bayyanawa na bambancin sakamako bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Alaƙa ce ke riƙe yaro a kan kujera. Abin da ake yi da shi bayan ya zauna wani batu ne daban, shi ne abu na uku.

Arewacin Yuganda ya ba da misali mai ƙarfi. A 2005, a sansanonin 'yan gudun hijira biyu kusa da Gulu, Paul Bolton da tawagarsa suka ɗauki matasa 314, 'yan shekara 14 zuwa 17, waɗanda yaƙin 'yan tawayen LRA ya tarwatsa rayuwarsu. Wasu aka sa su a rukunin wasanni da waƙe-waƙe da zane, tare da manya masu kula da su. Wasu aka sa su a rukunin tattaunawa mai tsari na mako 16, inda ake ɗaukar abu guda, rasuwa ko rigima ko sauyin rayuwa ko kaɗaici, a duba yadda yake haɗe da ciwon, a yi atisayen yadda za a tunkare shi, a dawo mako mai zuwa a ba da labarin yadda aka kwashe. Sauran kuma aka sa su jira. Rukunin wasanni, duk da kulawa da nishaɗin da ke cikinsa, bai rage ciwon ba. Rukunin tattaunawa ya rage shi sosai a wajen 'yan mata, a wajen samari kuwa ba a ga tabbataccen bambanci ba. Waɗanda suka jagoranci zaman ba likitoci ba ne, mutanen yankin ne da aka horar na ɗan lokaci ana kuma duba aikinsu.

Mene ne a cikin tsarin yake aiki? Ciwon damuwa yana da wata da'ira da yake juya mutum a ciki. Jiki ya mutu, sai ya janye daga abubuwan da ke faranta masa. Janyewar ta rage masa duk wata kafar jin daɗi ko jin ya iya wani abu. Wannan ya ƙara kashe masa jiki. Mai ciwon yana jira ya ji sha'awa kafin ya motsa, sha'awar kuwa ba ta zuwa. Tun shekarun 1970 Peter Lewinsohn ya nuna cewa ana iya shiga da'irar ta ɗaya ɓangaren: a fara motsi, sha'awa ta biyo baya. A 1996 Neil Jacobson ya warware CBT gunduwa-gunduwa ya gwada a kan manya 150, ya ga wannan ɓangaren na komawa ga ayyuka shi kaɗai ya yi daidai da cikakkiyar hanyar. A aikace ba wani abu ne mai girma ba. Masani da yaro su zauna su zaɓi abu biyu ko uku da yaron ya daina kuma yake kewa, su yanka su ƙanana: ba "ka koma ƙwallo" ba, a'a, "ranar Talata bayan La'asar ka je bakin fili ka yi minti ashirin, ko ba ka buga ba." Ya rubuta yadda ya ji kafin ya je da bayan ya dawo. Hujjar da za ta karya tunanin "ba abin da zai canza" daga hannunsa za ta fito, ba daga bakin babba ba.

Gwajin TORDIA na 2008, wanda David Brent na Pittsburgh ya jagoranta a kan matasa 334 da ƙwayar farko ta gaza a kansu, ya ƙara haske. Waɗanda aka sauya wa ƙwaya aka haɗa musu da CBT sun samu sauƙi da kashi 55, waɗanda aka sauya wa ƙwaya kawai kashi 41. Da aka koma aka duba abin da aka yi a cikin zaman, sai aka ga waɗanda aka koya wa dabarun warware matsala da na hulɗa da mutane sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen yiwuwar samun sauƙi, haka ma waɗanda suka wuce zama tara. Mai yiwuwa ne waɗanda suka fara jin sauƙi su ne suka fi daurewa su ci gaba da zuwa, don haka ba a rantse a kan alƙaluman. Amma inda suka nuna ya dace da sauran hujjoji: abin da yaro zai iya ɗauka ya fita da shi ya gwada gobe shi ne ke da nauyi.

Wannan ne bambancin jinya da nasiha. Matashi mai ciwon damuwa ya sha nasiha har ya ƙoshi: daga uwa, daga kawu, daga malamin Islamiyya, daga shugaban makaranta. An ce ya yi haƙuri, ya gode wa Allah, ya dubi na ƙasa da shi. Duk gaskiya ne, kuma ya sani. Abin da ke ƙara masa ciwo shi ne ya sani amma ya kasa, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi butulu ne ko mai raunin imani. A nasiha babba ne ke magana, yaro na saurare. A jinya yaro ne ke kawo kayan aiki, babba na tambaya.

Abu na huɗu shi ne gida. Zama da masani awa guda ne a mako. Sauran awa 167 a gida da makaranta ake yin su. A wani gwaji da Brent ya yi tun 1997 da matasa 107, CBT ta fi jinyar iyali da ta saurare zalla saurin kawo sauƙi, amma wannan fifikon ya ɓace a gidajen da uwa ita ma take fama da ciwon damuwa. Bayan shekara biyu kusan kashi 80 na yaran sun warke, ciwon ya dawo wa kusan kashi 30, rigima tsakanin yaro da iyaye kuma tana cikin manyan abubuwan da ke hasashen dawowarsa. A 2006 Myrna Weissman ta bi iyaye mata 151 da ake yi wa maganin ciwon damuwa tare da 'ya'yansu. A cikin yaran da aka samu da wata larura tun farko, kashi 33 sun warware cikin wata uku idan uwar ta warke, kashi 12 kacal idan ba ta warke ba, alhali uwar kawai masu binciken suka yi wa magani.

Saboda haka masanin kirki ba ya mai da iyaye abokan gaba, ba ya kuma zama ɗan saƙonsu. Kristin Hawley da Weisz sun gano a 2005 cewa alaƙar masani da iyaye ce ke hasashen ko za a ci gaba da kawo yaro, alaƙarsa da yaron kuma ita ke hasashen ko zai samu sauƙi. Kuɗin mota da izinin fita a hannun iyaye suke. Wanda ya raina su, ba zai sake ganin yaron ba.

Akwai masu ganin mafita mai arha: tunda masana sun yi kaɗan, a shiga aji a koya wa kowa da kowa dabarun kwantar da hankali. An gwada. A Birtaniya, gwajin MYRIAD ya shafi makarantu 84 da ɗalibai 8,376, aka koyar da darussa goma na tattara hankali wuri guda. Sakamakon 2022 ya nuna bai fi darussan da aka saba ba, mafi yawan yaran ma ba su yi atisayen gida ba. A Ostireliya, shirin WISE Teens na mako takwas a kan ɗalibai 1,071 ya ƙare da yaran da suka shiga sun ɗan fi sauran nuna alamun damuwa da fargaba. Dabara ce aka zuba wa waɗanda ba su nema ba, ba a kuma tambaye su abin da ke damunsu ba.

A kwatanta da abin da ya faru inda aka zaɓi masu bukata, aka zauna da su a ƙaramin rukuni. A Kenya, shirin Shamiri na Tom Osborn ya horar da matasa 'yan shekara 18 zuwa 26, waɗanda suka gama sakandare, na awa 10 kacal, suka jagoranci zama huɗu na awa ɗaya ɗaya. Gwajin da aka buga a 2021, a kan ɗalibai 413 masu alamun ciwon a Nairobi da Kiambu, ya nuna raguwar damuwa da fargaba wadda ta ɗore har wata bakwai. A Ibadan, Tolulope Bella-Awusah da Farfesa Olayinka Omigbodun da abokan aikinsu sun gwada zaman CBT biyar a rukuni, sau ɗaya a mako, a cikin makaranta, da ɗalibai 40 'yan shekara 14 zuwa 17. Rahotonsu na 2016 ya nuna waɗanda suka shiga sun fi waɗanda ke jira samun sauƙi. Gwajin ƙarami ne, amma ya nuna abin yana yiwuwa a makarantar gwamnati a Najeriya.

Masu cewa wannan duk al'adar Turawa ce su tuna da Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934 Miladiyya. A littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya raba baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashi, da wanda ke sauka babu dalili, ya kuma shawarci mai fama ya nemi amintaccen mutum mai hikima da zai tattauna da shi, ya tanadi tunane-tunane masu lafiya da zai tunkari munanan da su. Addu'a da neman magani ba su taɓa zama kishiyoyi ba. Ƙwaya ma tana da gurbinta: ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce ga matasa a fara da tattaunawa da gyaran yanayin rayuwa, idan ciwon ya ƙi ko ya yi nauyi a duba fluoxetine ƙarƙashin kulawar likita, ana sa ido sosai a makonnin farko, domin a gwajin TADS tunani da yunƙurin kashe kai sun fi bayyana a rukunin ƙwaya kaɗai fiye da inda aka haɗa da tattaunawa.

Najeriya, mai mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, masu ƙwarewa a kan yara kuwa 'yan tsiraru ne a cikinsu. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau ba za su iya ɗaukar kowane ɗalibin da ya daina barci ba, iyaye da yawa ma ba za su yarda a ga ɗansu a ƙofarsu ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta buɗe hanyar kai kulawa kusa da jama'a. Tun 1977 kuma manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malamin ba da shawara a makarantu, sai dai a wurare da yawa an mai da shi mai cike fom ɗin jarrabawa ko mai ladabtarwa, wanda ɗalibi ke gudu.

Nan ya kamata ma'aikatun ilimi da na lafiya na jihohi su sa kuɗinsu, maimakon tarukan wayar da kai na yini ɗaya da ake tashi da riguna da hotuna. A ware wa malamin shawara ɗaki mai ƙofa, a cire masa bulala daga cikin ayyukansa, a samar da mace ga 'yan mata. A horar da shi a kan hanya guda mai tsari ta zama biyar zuwa takwas, a haɗa shi da ƙwararre a asibitin koyarwa mafi kusa wanda zai riƙa duba aikinsa ko ta waya ne, a kuma ba shi lambar da zai kira ranar da ɗalibi ya ce ya gaji da rayuwa. Kowane zama a auna alamun ciwon da gajeriyar takardar tambayoyi a harshen da yaron yake ji. A Ingila ƙa'ida ce idan an yi zama huɗu zuwa shida babu motsi, ƙwararru su taru su sake duba lamarin: ko an ɓata gano ciwon, ko akwai cin zarafi ko shaye-shaye da ba a sani ba, ko wani a gida ne ke bukatar magani, ko kuma yaron da masanin ne jininsu bai haɗu ba, a sauya masa wani. Makarantar sakandare a Gusau ko Azare za ta iya bin wannan ƙa'idar da littafin rajista guda da malami ɗaya da aka horar.